Wai motar lantarki ta riga Tesla zuwa duniya?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa motar lantarki ta daɗe tun kafin Tesla, kamfanin motocin lantarki na Amurka. Gaskiya ne? In haka ne, me ya kashe mata kasuwa? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Ƙwarai kuwa. Tun 1859 Gaston Planté na Faransa ya ƙirƙiro batirin dalma da asid da ake iya sake yi wa caji. A 1897 tasi masu lantarki na ɗaukar fasinja a Landan, kuma motar farko da ta haura kilomita 100 a awa, a 1899, mai lantarki ce, Camille Jenatzy ɗan Beljiyam ne ya tuƙa ta.

A Amurka, kamfanoni irin su Detroit Electric da Baker mata da likitoci suka fi yi wa talla, kuma da hujjarsu. Motar fetur ta lokacin sai an murza wani ƙarfe a gabanta da hannu kafin ta tashi, in injin ya yi tutsu ƙarfen ya dawo ya karya wa mutum hannu. Mai lantarki kuwa ba hayaƙi, ba ƙara, ba wahalar canjin giya. Ita kanta Clara, matar Henry Ford mai kamfanin motocin fetur na Ford, Detroit Electric take hawa. A ganina tallar nan ta zame musu alaƙaƙai, domin maza sun ɗauke ta motar mata ce ta zagayen gari.

Amma babbar matsalar batir ce. Detroit Electric na alƙawarin kusan kilomita 130 a caji ɗaya, gudunta bai wuce kilomita 32 a awa ba, ga ƙauyuka babu wuta. Batirin dalma nauyi gare shi: kilo ɗaya na riƙe wat-awa (ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa) 30 zuwa 40, alhali na litiyam da ke cikin wayarka ya ninka haka sau huɗu ko fiye. Sai an riƙa ƙara masa ruwan batir, in kuma aka bar shi ya ƙare ƙaf ya jima a haka, gishirin dalma ya daskare a farantansa ya daina riƙe caji. Masu inbata a gida sun san wannan ciwon.

Sai ga motar fetur Model T ta Ford a 1908 a kan dala 850, farashinta na ta sauka, man fetur ya yi araha bayan haƙo shi a Texas. A 1912 Cadillac ta sa sitata ta lantarki da Charles Kettering ya ƙera, murza ƙarfe ya kama hanyar zama tarihi. Detroit Electric ta ci gaba da lallaɓawa har 1939.