Me ya sa Autumn Leaves ɗina ba ya haɗuwa da faifan Cannonball?

Malam, ka ce kana bin takardar kiɗan waƙar Autumn Leaves daidai, amma da ka kunna faifan Somethin' Else na 1958 sai fiyano ɗinka ya yi gabas, masu busa a faifan, su Cannonball Adderley da Miles Davis, su yi yamma. Ba laifin yatsunka ba ne. Takardarka a E minor take, su kuwa a G minor suka busa, wato matakin sautinku ba ɗaya ba ne. Ga jerin chords ɗinsu, wato gungun sautukan da ake dannawa tare: Cm7, F7, Bbmaj7, Ebmaj7, Am7b5, D7, Gm.

Inda masu koyo suka fi tuntuɓe shi ne Am7b5. Dole ka danna Eb, wato baƙin maɓallin da ke hagun E, ba E ba. Ni ma na daɗe ina danna E, ina mamakin inda ɗan ɗacin waƙar ya tafi. Sannan kada ka fara ƙirga tun daga farkon faifan, akwai doguwar shimfiɗa kafin Miles ya shigo da ainihin waƙar.

Asalinta daga Faransa ne, Joseph Kosma ya tsara ta a 1945, daga baya Johnny Mercer ya sa mata baitocin Turanci. Ka nemi ta makaɗin fiyano Bill Evans ta 1959 ma, ta fi sauri.

In har kunnenka bai rarrabe Eb da E ba tukuna, nemi malamin fiyano ya zauna kusa da kai.