Kuɗin da na karɓo wa mutum suna asusuna, zan iya cire ladana a ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ni lauya ne, ban daɗe da buɗe ɗan ofishina a Zariya ba. Wani ɗan kasuwar hatsi ya sa ni karɓo masa bashin naira miliyan 3, wanda ake bi ya biya, kuɗin suka shigo asusuna. Ina bin sa ladan aiki dubu 400 da muka yi magana a kai da baki. Ga shi ya yi tafiya, ga kuɗin hayar ofis ya taso. Zan iya cire nawa, in kuma ɗan ari wani abu in mayar kafin ya dawo? Yayansa ma ya dame ni da tambayar ko kuɗin sun fito. Sai kuma wasu maƙwabtana biyu, mai sayar da gida da mai saye, da suke so ni kaɗai in rubuta musu yarjejeniya. Me ƙa'idar aikinmu ta ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena Barista. Na ji daɗi da ka tambaya kafin ka taɓa kuɗin, domin da yawa sai bayan takardar ƙorafi ta iso ofis suke neman shawara.

Kada ka ara. Ko sisi. Ƙa'idojin aikin lauya na 2007, da waɗanda suka maye gurbinsu a 2023 suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2024, duk bakinsu ɗaya a nan. Ƙa'ida ta 23 ta ce idan lauya ya karɓi kuɗi a madadin wanda yake wakilta, ya sanar da shi ba tare da jinkiri ba, ya ba shi lissafi, kuma kada ya cakuɗa kuɗin da nasa ko ya yi amfani da su kamar nasa. Ka lura, ba a ce "sai dai idan zai mayar" ba. Niyyar mayarwa ba ta wanke ka, laifin ya cika tun lokacin da ka taɓa.

Abin da ke ba ni tsoro da kalmar "zan mayar" shi ne ba ɓarayi ne ke faɗin ta ba. Mutanen kirki ne, masu iyali, waɗanda haya ta matsa wa. Yau ka cire dubu 200, kana sa ran wani aikin zai biya ka ranar Juma'a. Juma'a ta zo, wancan bai biya ba. Mai hatsi ya dawo ya kira, ka ce masa banki ne ya riƙe kuɗin. Ka ga yanzu an ƙara ƙarya a kan aro. Wata mai zuwa kuɗin wani ya shigo, ka ɗauka ka cike ramin farko, ramin ya koma kan mutum na biyu. Da yawa daga cikin lauyoyin da suka rasa rigarsu a kan kuɗin mutane ta wannan ƙofar suka shiga.

Kuma hukuncin ba wasa ba ne. Kwamitin ladabtar da lauyoyi, LPDC, da ke zama a Abuja yana da ikon yi wa lauya gargaɗi, ko dakatar da shi na wani lokaci, ko ya sa a soke sunansa daga rajistar lauyoyi da ke Kotun Ƙoli, ya kuma umarce shi ya mayar da kuɗi ko takardun mutane. A shari'ar Okike da LPDC, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 2005, magana ce ta kuɗin da lauya ya karɓo wa wanda ya ba shi aiki bai miƙa ba, aka soke sunansa, kotu kuma ta tabbatar da hukuncin. Wannan bai hana a gurfanar da mutum a kan laifin cin amana ƙarƙashin dokar fenal kot ba, abu biyu ne daban. Kai da ni mun san aya ta 58 ta Suratun Nisa'i da ta umarci a mayar da amana ga masu ita, don haka ba dokar boko ce kaɗai ke kallon ka ba.

Akwai gyaran da ya kamata ka yi tun yau. Ka ce kuɗin sun shigo asusunka. Idan asusun da kake sayen mai da cefane da shi ne, to an riga an cakuɗa. Sashe na 20 na Dokar Lauyoyi da ƙa'idojin ajiyar kuɗi na lauyoyi na 1964 sun tanadi a buɗe asusu na daban don kuɗin masu kawo aiki, wanda sunansa ma ya nuna haka, a kuma riƙa rubuta shige da ficen kuɗin kowa a shafinsa. Wasu matasa na ganin wannan wahala ce ta manyan ofisoshi. Alhali kariya ce gare ka. Tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna damar cire bashin da mutum ya gaza biya daga asusunsa na wasu bankunan ta hanyar lambar BVN. Idan akwai rancen da ake bin ka, za ka iya wayar gari an kwashe kuɗin mai hatsi, kai ne kuma za ka amsa. Ko kuma, Allah ya ba ka tsawon rai, ajali ya zo: magadanka za su ga miliyan 3 a asusunka, su raba da zuciya ɗaya, mai hatsi ya zo ba shi da ko guntuwar takarda. Je ka banki ka buɗe asusun, ka mayar da kuɗin can.

To ladanka fa? Haƙƙinka ne, gumi ka zubar, babu mai cewa ka yi aikin banza. Matsalar ita ce magana ta baki. Kai ka ji dubu 400, shi wataƙila ya ji "za mu daidaita". Ga yadda zan yi da ni ne. In kira shi yau in ce kuɗi sun fito, cif miliyan 3, ranar kaza. In bi kiran da saƙo a rubuce, ko ta WhatsApp ne, tare da takardar lissafin aikina: abin da na yi, abin da na kashe a kotu da hanya, da ladan da muka yi magana. In tambaye shi a fili ko ya yarda in cire in tura masa sauran. Idan ya amsa da eh a rubuce, shi ke nan, ka cire da hannu biyu, ka ba shi rasit. Idan ya ce dubu 250 ya sani, ka tura masa miliyan 2 da dubu 600 da babu jayayya a kansu, ka ɗauki 250 ɗin da ya amince, ragowar dubu 150 ta zauna a asusun masu kawo aiki har ku warware. Kada ka riƙe masa jarinsa gaba ɗaya don ka tilasta shi, ɗan kasuwa ne, kuɗin da ya kwana a kakar hatsi asara ce. In ya ƙi biya sam, sashe na 16 na Dokar Lauyoyi ya ba ka hanya: ka miƙa masa takardar lissafi mai sa hannu, ka jira wata guda, sannan ka kai ƙara.

Na san abin da ya hana ka rubuta yarjejeniyar ladan tun farko. Kunya ce. Dattijo ya zo ofis, wataƙila abokin mahaifinka ne, sai ka ji nauyin miƙa masa takarda ya sa hannu. Amma nauyin minti biyar ɗin nan ya fi sauƙi a kan ranar da za ku tsaya gaban mutane kowa na rantsuwa. Ka saba wa bakinka da cewa, "Alhaji, haka ƙa'idar aikinmu take, don kada a samu mantuwa." Dattawan kasuwa sun san darajar rubutu fiye da yadda muke zato.

Batun yayansa gajere ne: ba shi da amsa a wurinka. Ƙa'ida ta 19 da sashe na 192 na Dokar Shaida ta 2011 sun rufe bakinka a kan abin da ka sani ta dalilin aikin, sai da izinin mai shi, kuma rufin bai ƙare da ƙarewar aikin ba. Ba ka san me ke tsakanin 'yan'uwan ba, wataƙila shi ma bin sa bashi yake. Ka tarbe shi da girmamawa, ka ce, "Yaya, ka yi haƙuri, wannan sai dai ka ji daga bakinsa." Kada ka yi masa ƙarya ka ce ba su fito ba, shiru ya wadatar. Sirrin yana da iyaka, misali idan mutum ya gaya maka laifin da yake shirin aikatawa, ko kotu ta ba da umarni, ko ya zarge ka kana bukatar kare kanka. Tambayar ɗan'uwa ba ta cikinsu. Ka kuma kula da inda sirri ya fi zuba ba da niyya ba: shagon buga takardu da kake kai aiki, akawun ofis, da hirar majalisa bayan la'asar.

Sai maƙwabtanka. Ƙa'ida ta 17 ba ta haramta abin kai tsaye ba, ta ce kada ka wakilci masu bukatu mabambanta sai ka bayyana musu komai sun kuma amince. Amma shawarata ka zaɓi ɗaya, taura biyu ba ta taunuwa a baki ɗaya. A ce kana tsakiyar aiki mai gidan ya rage murya ya ce maka, "Gidan gado ne, ƙanwarmu da ke aure a Funtuwa ba ta sani ba, amma za mu ba ta kasonta daga baya." In ka gaya wa mai saye, ka tona sirrin wanda kake wakilta. In ka yi shiru, ka bar ɗaya wanda kake wakilta ya sayi rigima da kuɗinsa. Duk inda ka juya ka saɓa wa wani. Haka ma in ka je bincike a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna, ka tarar an jinginar da gidan wa banki, ko batun amincewar gwamna da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta shar'anta ya taso aka fara ja-in-ja kan wanda zai biya kuɗinsa. Ranar da cinikin ya ɓaci kuwa, kai da ka rubuta takardar za a kira ka ba da shaida, ƙa'ida ta 20 kuma ba ta bar ka ka tsaya wa ɗayansu a shari'ar da kai shaida ne a cikinta ba.

Ka tara su ka ce kai lauyan mai saye ne, misali, ka shawarci mai sayarwa ya kai daftarin wa wani lauya ya duba masa. In ya ce shi ba ya bukata, ya rubuta cewa an gaya masa ya kuma zaɓi haka. Kuɗin gidan kuma su bi ta banki. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5, kamfani kuma miliyan 10, ba ta hanyar banki ba, ƙa'idojinmu na 2023 kuma sun ɗora wa lauya nauyin sanin wanda yake yi wa aiki da asalin kuɗinsa. In an zo maka da jaka cike da kuɗi a ofis, ka raka su banki.

Hayar ofis kuwa, ka je wa mai gidan ka nemi ya ɗaga maka mako biyu, ko ka nemi rance wurin wani babba a reshenku na ƙungiyar lauyoyi ta NBA. Ka kira mai hatsi kafin magariba, ka aika masa lissafin a daren nan.