Kwikwiyona yana cizon yara kuma ya ƙi igiya, duka ne maganinsa?

TAMBAYA

Salamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari. Ni mazaunin Hanwa ne nan Zariya. Wani abokina a Sabon Gari ya ba ni kwikwiyo, yanzu satinsa 10, uwarsa Alseshan ce ubansa kuma irin namu na gida, don gadi na karɓe shi saboda ɓarayi sun dame mu a layinmu. Mun sa masa suna Duna. Toh matsalar ita ce kullum cikin cizon ƙafafun yara yake yana jan rigunansu, in na kira shi ko kallona ba ya yi, ranar da na ɗaura masa igiya kuwa kwanciya ya yi yana ihu kamar ana yanka shi. Maƙwabcina ya ce in riƙa zane shi kuma in kulle shi a keji duk wuni wai sai ya fi zafi. Dan Allah ya zan yi?

AMSA

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya tsare mana gidajenmu baki ɗaya.

Bari in fara da shawarar maƙwabcin naka don ita ta fi damuna. Dan Allah kar ka dake shi, kar kuma ka kulle shi wuni guda a duhu. Na san haka ake yi a gari, har akwai masu zuba wa kare barkono a abinci wai don ya yi zafi, amma abin da ake samu daga ƙarshe matsoracin kare ne, shi kuwa matsoracin kare shi ne mai cizo ba gargaɗi, ba ruwansa da ɓarawo ne ko almajiri ne ya zo bara ko ɗanka ne ya zo wucewa. Ni kaina na yi wannan kuskuren ina saurayi kafin in shiga karatun likitan dabbobi, muna da wani kare a gida, na kira shi bai zo ba, da ya zo daga baya na zabga masa bulala, wallahi tun daga ranar in ya ji muryata sai ya shige ƙarƙashin rumbu, har ya mutu bai ƙara zuwa kirana da daɗin rai ba. Sai da na yi karatu na gane abin da na koya masa ranar shi ne zuwa wurina yana jawo duka. Har yau abin yana min ciwo.

Duna ba taurin kai yake yi ba, jariri ne. Kwikwiyo ɗan sati 10 barci ma yake yi awa 18 zuwa 20 a rana, hankalinsa ba ya tsayawa kan abu ɗaya sama da 'yan mintuna. Kuma kare abu ɗaya ya sani: duk abin da ya yi ya samu daɗi nan take zai maimaita, wanda bai samu komai ba zai bari da kansa. Kalmar "nan take" ɗin nan ka riƙe ta da kyau, cikin daƙiƙa 1 ko 2 nake nufi. In ya zauna ka shiga ɗaki ka ɗauko nama ka fito, ya riga ya manta da zaman, a ganinsa ladan tsallen da yake yi maka ne ka ba shi.

Saboda haka ka tanadi lada a aljihu tukuna. Dafaffiyar hanta ko tsokar kaza ba gishiri ba magi, a yanka ƙanana kamar ƙwayar wake. Banda kilishi da tsire saboda yaji, banda duk abin da ke da albasa ko tafarnuwa don suna lalata jinin kare, banda cakulan da inibi, banda dafaffen ƙashin kaza don yana farfashewa ya soke hanji. In kana ƙyamar yawunsa ya taɓa ka ba komai, ka jefa masa a ƙasa gabansa ko a murfin roba, aikin ɗaya ne. Horon kuma minti 3 zuwa 5, sau 3 a rana, kafin ya ci abinci lokacin yana ɗan jin yunwa. Ka tsaya tun yana marmari, kar ka jira sai ya gaji.

Sunansa za ka fara da shi. A tsakar gida lokacin da yara suka tafi makaranta, ka ce "Duna" sau ɗaya, da ya waiwayo ka ce "yawwa" ka ba shi. Kwana 2 ko 3 za ka ga yana juyowa da sauri. Daga nan sai "zo": ka tsugunna, ka ja da baya kaɗan, ka ce "Duna, zo" da sakin murya, in ya iso ka yi murna sosai ka ba shi. Sharaɗi ɗaya ne a nan, kar ka taɓa kiransa don ka yi masa faɗa ko ka kulle shi, in za ka yi masa abin da ba ya so kamar wanka ko magani, kai ka je ka ɗauko shi.

"Zauna" ya fi komai sauƙi. Ka sa naman daidai hancinsa ka ɗaga a hankali zuwa saman kansa, kai zai bi naman ya yi sama, gindi ya sauka ƙasa da kansa, nan take "yawwa" da lada. Ba sai ka danna masa baya ba. In ya saba da motsin hannun sai ka riƙa faɗin kalmar kafin ka ɗaga. "Kwanta" ma haka, ka sauke naman daga hanci zuwa ƙasa tsakanin ƙafafunsa. Da Hausa za ka yi, wasu suna ɗauka sai da Turanci kare ke ji, ina, sauti yake riƙewa kawai. Mafarautanmu da Fulani makiyaya sun daɗe suna horar da karnuka da fito da kira irin nasu, kuma maganar dabbobin farauta da aka koyar tana nan a Suratul Ma'ida aya ta 4. Abin da ke ɓata aiki shi ne kai ka ce "zauna", uwargida ta ce "tsugunna", yara su ce wani abu daban. Ku zauna ku tsayar da kalma ɗaya.

Toh maganar cizo. Da baki kwikwiyo yake wasa da 'yan'uwansa, kuma daga wajen wata 3 zuwa wata 6 ko 7 haƙoran nononsa guda 28 za su zube manya 42 su fito, dasashi na yi masa ƙaiƙayi, dole ya samu abin tauna. Yara kuma in ya kama ƙafa sai su yi ihu su ruga, shi kuwa a wurinsa wasa ya yi daɗi kenan, sai ya ƙara bi. Ka koya musu in ya zo su tsaya cik kamar bishiya, hannu a ƙirji, ba ihu ba kallo. Ka samu tsohon tawul ko igiya mai kauri ka ƙulla, da ya kai baki jikin mutum a miƙa masa wannan, in ya kama a yaba masa a ja da shi. In ya dage sai fata, wasa ya ƙare, a juya masa baya ko a bar wurin na rabin minti, a dawo. Zai gane haƙori a jiki yana kashe wasa. Kar a ba shi tsohon silifas ya tauna, ba zai bambanta shi da sabon takalmin sallarka ba. Kuma yaro ƙarami kar a bar shi da kare su biyu ba babba a wurin, komai sabon da suka yi.

Wasan ja-in-ja ba ya sa kare mugunta kamar yadda ake cewa, a nan ma za ka koya masa "saki": ka daina ja, ka nuna masa nama, da ya buɗe baki ka ce "saki" ka ba shi, sannan ka mayar masa da tawul ɗin ku ci gaba. Ranar da ya ɗauko wani abu mai haɗari za ka gode wa wannan kalmar.

Yanzu igiya, nan ne mutane suka fi gaggawa. Ka duba ta wurinsa, bai taɓa jin wani abu a wuyansa ba, rana ɗaya aka ɗaura aka ja, dole ya firgita. Ka koma farko. Ka sa masa abin wuya mara nauyi, na yadi ko fata mai laushi, yadda yatsunka 2 za su shiga tsakaninsa da wuyan, ka sa lokacin cin abinci ko wasa don hankalinsa ya tafi can, zai yi ta soshe-soshe, ƙyale shi. Banda waya, banda sarƙa mai nauyi, banda igiya mai zarge. Kuma ka riƙa dubawa duk sati don girma yake yi da sauri, na sha ganin kare da igiya ta nutse cikin naman wuyansa don an manta an ɗaura tun yana ƙarami, abin ba daɗin gani. Bayan kwana 3 ko 4 sai ka maƙala igiya mara nauyi mai tsawon kamar mita 2, ka bar shi ya yi ta janta a tsakar gida kana kallonsa. In ya daina damuwa da ita ka ɗauki bakin igiyar, amma kai za ka bi shi tukuna, ba shi zai bi ka ba. Sannan ka fara kiransa da nama a gefen ƙafarka, taku 2 lada, taku 4 lada, a hankali kana ƙarawa. In ya kwanta kar ka ja shi a ƙasa, ka tsugunna ka kira shi, da ya taso ka yaba.

Wata 1 ko 2 nan gaba matsalar za ta juya, shi zai riƙa janka. Dokar ita ce in igiya ta miƙe tafiya ta tsaya. Ka tsaya kawai, ba fizga ba tsawa, sai ya waiwayo ko ya dawo igiyar ta saki, ka ce "yawwa" ku ci gaba. Ranar farko wataƙila daga ƙofar gida zuwa bakin layi ya ɗauke ku minti 15, za ka ji kamar ɓata lokaci ne, amma ka tuna jinin Alseshan gare shi, namijinsu kan kai kilo 30 zuwa 40, in ya saba da cewa ja na kai shi inda yake so ba mai iya riƙe shi a gidanku. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ka kuma bar shi ya shinshina abubuwa a hanya, da hanci yake sanin gari.

Amma kafin ka fita da shi layi akwai abin da ban ga ka ambata ba, an yi masa rigakafi kuwa? Akwai cutar da muke kira parbo, amai da gudawa da jini, tana kashe 'yan kwikwiyo cikin kwanaki, ƙwayarta kuma tana yin watanni a ƙasa inda kare mai ita ya yi kashi. Ana fara allurarta da sauran cututtuka tun sati 6 zuwa 8, a maimaita duk sati 3 ko 4 har ya kai sati 16. Ta haukan kare kuma in ya cika wata 3, a sabunta duk shekara, wannan ba wasa ba ne, don ran iyalinka ne. Kana kusa da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) a Samaru, ka kai shi a buɗe masa kati, a ba shi maganin tsutsar ciki a duba kaska. Duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa har fata ta fashe, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 a tafi asibiti ranar, kar a tsaya sa toka ko ganye.

Kafin allurar ta cika ba wai a ɓoye shi ba ne. Daga sati 3 zuwa wajen sati 14 ne kwikwiyo ya fi karɓar sabon abu ba tsoro, kaga lokacin ya kusa wuce maka. Ka ɗauke shi a hannu ko a kwali ka zauna da shi ƙofar gida da yamma, ya ji ƙarar keke napep da 'yan acaba da janareta, ya ga mai babbar riga da mai hijabi da mai tura ruwa, ya ga awaki da kaji, kana ba shi ɗan nama in ya natsu. Na san za ka ce ai gadi nake so, in ya saba da mutane ina amfaninsa? Gadi a jininsa yake, in ya girma ya san iyakar gidansa zai yi haushi da kansa, kuma karen da ya san yadda mutanen unguwa ke wucewa kullum shi ke gane wanda ya hauro katanga ƙarfe 2 na dare ba daidai yake ba. Wanda aka kulle kowa abin tsoro ne a wurinsa, haushi ba dare ba rana har ku daina tashi in ya yi.

Keji ba laifi ba ne in ɗakin kwanansa ne, a inuwa, da iska da ruwa, yana fitowa ya motsa. Ka riƙa fitar da shi zuwa wuri ɗaya da zarar ya tashi barci, da ya gama ci, da bayan wasa, in ya yi bayan gida a nan ka yaba masa, da haka zai daina ɓata tsakar gida.

In kun fara fita, ya zama da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, musamman zafin Maris da Afrilu. Ka ɗora bayan hannunka kan kwalta, in ba ka iya jurewa na daƙiƙa 5 ba, tafin ƙafarsa ma ƙonewa zai yi, kuma kare ba ya gumi a jiki irin namu, da haki yake fitar da zafi. Minti 10 zuwa 15 ya ishe shi a watannin farko. Wajen wata 6 zuwa sama za ka ga kamar ya manta duk abin da ka koya masa, balaga ce, kar ka karaya, ka koma darasin farko da nama a aljihu na 'yan kwanaki zai dawo hanya.

Wannan satin dai ka kai shi allura, ka sa masa abin wuya, ka fara da sunansa da "zo". Bayan sati 2 ka rubuto min yadda ake ciki, musamman maganar cizon yaran, in ka ga yana gurnani jikinsa ya sandare in an kusanci abincinsa ka faɗa min da wuri don wannan gyaransa daban ne.