Ɗana ya fara cin gudu, in ƙara mai zagaye?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni dai abin farin ciki ne yak kawo ni amma da ƴar damuwa ciki. Ɗana shekarunai 13, bara in ya zagaya hilin makaranta sau guda sai ya zube shina haki, to bana ga intahaus ɗinsu shi ne yaz zo na ɗaya ga mita 800, wallahi ban san sadda nit tsallake igiya nir rungume shi ba har malamai na dariya. Tun ran nan kullum bayan asuba sai mu tahi hilin Giginya in riƙe waya ina ɗaukar mai lokaci, mun faro da minti 3 da sakan 10 yanzu ya dawo 2 da 48. Amma sati biyun ga lokacin ya ƙi sauka, ga shi shina kukan ƙasan gwiwa, kakatai kuma ta sa ni gaba wai zan ƙarar mata da jika. In ƙara mai zagaye ne? Kuma ina za ni kai shi a san da shi?

Baban yaro, Mabera, Sakkwato

AMSA: Wa alaikumus salam. Masha Allah, Allah ya raya ya albarkace shi, maganar tsallake igiya kuwa ba wanda zai ga laifinka, ni ma da ina wurin da tare za mu tsallaka. Sakan 22 a zagaye biyu ba wasa ba ne.

Amma Malam, Hajiya ta fi ka gaskiya a nan. Kada ka ƙara ko zagaye ɗaya, ragewa ma za ka yi. Yaro ɗan 13 ƙashinsa na kan tsawo ne, kuma daidai ƙasan ƙoƙon gwiwar nan akwai inda jijiya ke jan ƙashin da bai gama ƙwari ba, in aka matsa da gudu kullum ba hutu sai wurin ya kumbura ya riƙa zafi, an saba ganin haka ga yara masu ƙwallo da gudu. Ka tsayar da gudun tukuna ka kai shi likita ya duba, musamman in ya fara ɗingishi. Lokacin da ka ce ya ƙi sauka ma gajiya ce, jiki a ranar hutu yake ginuwa. In ya warware kwana 3 a sati ya ishe shi, sauran ranakun ya buga ƙwallonsa da yaran unguwa ya tafi islamiyya.

Ita kuma wayar nan don Allah ka mayar da ita aljihu, sau ɗaya a wata ya isa. Yaro in ya gane kullum yana kaiwa layi fuskar babansa zai kalla ya ga ko an ji daɗi ko ba a ji ba, gudun ya zama jarrabawa ke nan, da yawa a nan suke ajiye takalmi.

Ka san garinmu, Afrilu zafi kan wuce digiri 40, saboda haka asubar da kuka zaɓa ta yi, ranar da hunturu ya turnuƙe da ƙura kuma a haƙura. Ya sha ruwa kafin da bayan gudu, in fitsarinsa ya yi ja ruwan bai isa ba. Da azumi sai bayan an sha ruwa. Fura da nono, ƙosai, wake, ƙwai in da hali, sun wadatar, ban da lemon ƙara kuzari, duk wanda kuma ya miƙo masa ƙwaya wai ta hana gajiya ka raba shi da shi tun wuri.

Maganar a san da shi, ka fara da malamin wasanninsu ya haɗa ku da kocin guje-guje na jiha, ta nan ake zaɓen yaran da ke zuwa gasar matasa ta ƙasa, wadda aka daɗe ana yi a Ilori kafin Asaba ta karɓa a 2023, ta ƴan ƙasa da shekara 15 ce kuma ana tantance shekaru, don haka ka adana takardar haihuwarsa ta hukumar ƙidaya, kar wani ya zuga ka a taɓa ta. Takalmi mai ƙusa bari sai koci ya ce a saya, kambas mai laushin ƙasa ya isa yanzu.

In ya warke ka rubuto mana mu ji, a gaishe da Hajiya.