An ce ƙanena yana da limfoma: wane magani ake yi?

Tambaya: Likita, ƙanena ɗan shekara 27 ya yi wata huɗu da kaluluwa a wuya, ba ta ciwo, ga zufar dare da rama. An yanki kaluluwar an gwada, aka ce sankara ce mai suna limfoma. Me zai hana a yi tiyata a cire? Kuma ana warkewa?

Amsa: Allah Ya ba shi lafiya, 'yar'uwa. Ana warkewa, domin limfoma tana cikin sankarar da ta fi jin magani. Amma tiyata ba ta raba mutum da ita. Cutar ta fararen ƙwayoyin jini ce, masu yawo tsakanin kaluluwa da saifa da ɓargo, don haka ko an cire ta wuya, akwai saura a wani wurin. Yankan da aka yi masa na gano cutar ne kawai. Haka nan kada a bari wanzami ya yi masa tsaga ko sakiya.

Ki fara ɗauko takardar sakamakon ki ga wane iri aka rubuta, saboda maganin ya rataya ne a kan wannan. Idan irin Hodgkin ce, wadda ta fi kama matasa sa'anninsa, ana haɗa magunguna huɗu da ake kira ABVD, a sa ta jijiya duk bayan mako 2, na wata 2 zuwa 6, wani lokaci a ƙara da gasa wurin da hasken na'ura, wato radiyoterafi. Idan kuwa ɗaya rukunin ne, wato wadda ba Hodgkin ba, da yawansu masu saurin girma ne, na wani nau'in fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin B, ana ba su haɗin magungunan da ake kira R-CHOP duk kwana 21, galibi zagaye 6. Harafin R ɗin nan rituximab ne, wanda ke farautar ƙwayoyin da ke ɗauke da wata alama a jikinsu mai suna CD20. Yana da tsada ƙwarai, shi ya sa nake so a tabbatar da alamar a gwaji kafin iyali su sayar da gona. Akwai kuma mai tafiyar hawainiya, wadda likita kan zuba wa ido kawai har sai ta fara damun mai ita.

Kafin allurar farko dole a gwada ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a ƙasarmu, domin rituximab na iya tayar da shi daga barci. A gwada cuta mai karya garkuwar jiki, a kuma duba zuciya, saboda jan maganin da ke cikin haɗin yana iya taɓa ta. Shi ne kuma ke mayar da fitsari ja na kwana ɗaya ko biyu, kada ku tsorata.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan: bayan zagaye 2 kaluluwar kan saɓe, maras lafiya ya fara cin tuwo, sai dangi su ce ai ya warke, a daina zuwa. Wata uku a dawo da shi cutar ta fi da ƙarfi. Ku zauna tun yau ku lissafa kuɗin dukan zagayen, ku raba nauyin a tsakaninku.

Gashin kansa zai zube, zai sake fitowa. Amma zazzaɓin da ya kai 38 a ma'auni, musamman mako na biyu bayan allura, ba na jiran wayewar gari ba ne, a kai shi asibiti a daren. Tunda kuma matashi ne, ya tambayi likitansa batun haihuwa kafin a fara.