Tambaya da Amsa: Sunaye a Bangon Coci, Babu Kabari

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana yana aikin jinya a Libaful, can Ingila. Ya turo mini hotuna ta WhatsApp na wata coci da ke bakin tashar jiragen ruwa, da alluna da littafi cike da sunayen mutane. Ya ce duk a teku suka mutu lokacin yaƙi, ba a binne su ba, wasunsu ma aikinsu shigo da manyan jirage tasha. Wane irin aiki ne wannan? Me ya kai sunayensu ɗakin ibada? Ina tambaya ne don baffana ya tafi yaƙin Bama, har yau shiru. Daga wani manomi, ƙauyen Ringim, Jigawa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ji ƙan Baffa, ya sa can ta fi nan.

Yadda ka kwatanta ta, wannan cocin Saint Nicholas ce, wadda mutanen garin ke kira cocin ma'aikatan jirgi. Jiragen saman Jamus sun ƙone ta a watan Disamba 1940, hasumiyarta kaɗai ta tsira, aka sake gina ta bayan yaƙi. Akwai ɗaki a cikinta da aka keɓe, da littafin da ke ɗauke da sunayen waɗanda teku ta ci.

Aikin da ɗanka ya faɗa kuwa, mu ma mun san shi a tudu. Ayarin fatake na da yana da madugu, yana kuma da jagaba. Madugu ne mai ayari, amma jagaba ne ya san inda rijiya take da inda 'yan fashi ke kwanto. To kyaftin shi ne madugu. Zai iya ratso teku tun daga Legas, amma da ya iso bakin kogin Mersey, mashigar Libaful, sai ya tsaya ya jira ɗan gari, wato jagaba, domin ƙarƙashin ruwan nan tudun yashi ne da ke sauya wuri, ga ruwa yana cika yana janyewa sau biyu a rana. Kai da ke gefen kogin Haɗeja ka san mai fito ba ya bin hanyar bara idan damina ta sauya kwanciyar yashi. Jagaban yakan taso a ƙaramin jirgi, ya kama tsanin igiya ya hau babban, ko da dare ne, ko ana iska, ya tsaya kusa da matuƙi yana ba da umarni har a ɗaure jirgi. Tun 1766 Libaful take da irin waɗannan ma'aikata a hukumance.

Abin da ya sa yaƙi ya ci su shi ne zaman jira. Jirginsu yana can bakin mashiga dare da rana, daidai wurin da abokan gaba ke shuka nakiyoyin ruwa, tunda duk jirgin da ya kawo abinci ko makamai ta nan zai bi. Ranar 28 ga Disamba 1917 jirgin jagabai mai suna Alfred H. Read ya taka nakiya, mutum 39 suka tafi, biyu kawai suka tsira. A watan Nuwamba 1939 kuma, yaƙin duniya na biyu bai cika wata uku ba, guguwa ta jefa wani jirgin nasu, Charles Livingston, kan yashi, aka rasa 23. A wancan zamani sana'a ce da ake shiga tun ana yaro a koya a hannun manya, saboda haka dare ɗaya ya kwashe malamai da almajiransu tare.

Batun ɗakin ibada, nan ne na fi son mu daɗe. Ina ɗan shekara tara kwalekwale ya kife da mijin goggota, yana dawowa daga kasuwa. Sarkin ruwa da masunta suka kwana uku suna nema, ba a ga ko hularsa ba. Ta yi takaba, an yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, amma har ta bar duniya, duk shekarar da kogi ya kawo sai ta je mashaya ta tsaya tana kallon ruwa. Wanda ya ga an kai nasa makwanci, zuciyarsa takan yarda. Wanda bai gani ba, kunnensa na bakin ƙofa kullum. Matan waɗannan jagabai irin halin goggo suka shiga. A al'adarsu cocin unguwa nan ake ɗaura aure, nan ake yi wa 'ya'ya wankan baftisma, shi ya sa nan akan sassaƙa sunan mutum da na jirginsa da ranar da ya nutse a jikin dutse ko tagulla, iyali su sami wurin tsayawa su yi masa addu'a. Ba al'adarmu ba ce, kuma ban ce mu ɗauke ta ba. Mu muna da hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito cewa wanda ya nutse shahidi ne, muna da sadaka, muna sa wa jariri sunan mamaci. Amma ni kam ban iya raina mutanen da suka ƙi yarda sunan nasu ya bi ruwa ba. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 kwalekwale ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, yawancin waɗanda ke ciki 'yan Islamiyya ne masu zuwa Mauludi. Ina fata iyaye da malamansu sun rubuta sunan kowane yaro sun adana.

Kada kuma ka ɗauka Turawa kaɗai ne a irin waɗannan jerin. A wancan zamani kamfanin Elder Dempster, mai zirga-zirga tsakanin Libaful da Legas, yana ɗaukar 'yan Afirka ta Yamma da yawa, masu zuba gawayi a tukunyar jirgi da masu hidimar abinci. Jirginsa Abosso, jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya nutsar da shi ranar 29 ga Oktoba 1942, mutum 362 suka halaka, 31 suka tsira. A Tower Hill da ke Landan akwai bangon tunawa da ma'aikatan jiragen kasuwanci da na kamun kifi, wajen suna 12,000 na yaƙin farko da 24,000 na biyu, an jera su ƙarƙashin sunayen jiragensu. Sai dai an yi wariya. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 na yaƙin farko, akasari 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu ba, har ministan tsaron Birtaniya ya nemi afuwa a majalisa.

Baffa kuwa soja ne, ba a jerin ma'aikatan jirgi za a neme shi ba. 'Yan Najeriya sun je Bama ne cikin runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, a 1943 da 1944. Waɗanda ba a san kabarinsu ba, sunayensu na jikin ginshiƙai a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun, wajen mutum 27,000, kuma hukumar nan ta sa su a intanet, ana dubawa kyauta. Ka gaya wa ɗanka ya gwada sunan yanka haɗe da sunan gari, domin ta haka ne akawun soja ke rubuta mutanenmu a wancan lokaci, wani lokaci ma da sunan babban garin da aka ɗauke su, Kano ko Haɗeja. Kafin nan ka zauna da tsofaffin gidanku, ko akwai tsohuwar takarda ko lambar girma a ƙasan adaka mai ɗauke da lambarsa ta soja. Idan an same shi, ka sake rubuto mini.