Amsa ga ɗan ƙanwata kan neman ragin hanya a Ajantina

Ɗana, saƙonka ya iso, mun gode Allah da kake lafiya. Ka ce in an yi hutun makaranta a Janairu kana so ka goya jakarka ka nufi kudancin Ajantina kana tsayar da motoci suna rage maka hanya, kana kuma tambaya ko hakan bara ne, kuma ko ana ba direba kuɗi.

Ba bara ba ne. Su "hacer dedo" suke ce masa, wato ɗaga babban yatsa a bakin titi, kuma a shekarun da na yi aiki a can na hau motoci da dama a haka. Hanyar da suke kira Ruta 40 ta haura kilomita 5,000, daga La Quiaca a iyakar Bolibiya har Cabo Vírgenes can ƙuryar kudu. A Patagoniya, wato yankin kudancin ƙasar, sai ka yi awanni ba ka ga gari ba, daga tumaki sai iska. Direban tirela da ya kwana biyu shi kaɗai, barci ne abin tsoronsa, abokin hira yake nema. Kada ka miƙa masa kuɗi, wani zai ga ka raina shi. Abin kunyar shi ne ka shiga ka toshe kunne da waya, ko ka ɓingire da barci ka bar shi da titi.

Yanzu ka saurare ni kan mate, don a nan baƙo yake kwafsawa. Ganye ne mai ɗaci da ake cika ɗan ƙoƙo da shi, a zuba ruwan zafi daga filas, a zuƙa da bututun ƙarfe mai suna bombilla. Ƙoƙo ɗaya, bututu ɗaya, kowa da shi zai sha. In an miƙo maka, ka shanye duka har ka ji bututun ya yi ƙara, sannan ka mayar wa wanda ya ba ka. Kada ka juya bututun kamar cokali, kada ka goge bakinsa a gaban mutum. Kuma ka riƙe "gracias" ɗinka, wato "na gode", domin a wajen mate ma'anarta ka ƙoshi. Ranar farko tarbiyyar gida ta sa na yi godiya tun a zagayen farko, ƙoƙon ya yi ta wuce ni, sai daga baya aka fahimtar da ni. Tun da hannun direba na kan sitiyari, sau da yawa kai zai miƙa wa filas ɗin. Ka karɓa hannu bibbiyu, girmamawa ce. Ruwan ba tafasasshe ake so ba, kuma a gefen bututun ake tsiyaya shi a hankali, kada a jiƙa ganyen gaba ɗaya.

In an tsaya cin abinci, chorizo, wato niƙaƙƙen naman da suke ɗurawa a hanji, akwai alade a ciki, giya kuma ba ta rabuwa da gasasshen namansu. Ka ce kai Musulmi ne tun da wuri, cikin sakin fuska, ka fito da biskit ko dabino ku ci tare.

Gara ka nemi mota a gidan mai da ke bakin gari, inda za ka gaisa da direba ku ga fuskar juna, da ka tsaya a dokar daji. Motar da zuciyarka ba ta kwanta da ita ba, bar ta ta wuce. Janairu lokacin zafinsu ne, amma iskar kudu tana ratsa ƙashi, ka riƙe rigar sanyi mai kauri da ruwa isasshe. In za ka tsallaka Chile, kilishin da aka aika maka ka cinye shi kafin iyaka, suna tsananta bincike kan nama da 'ya'yan itatuwa da zuma.

Kafin ka bar kowane gari ka tura wa mahaifiyarka lambar motar da ka hau, don gaba babu sabis. Allah ya tsare hanya, ya dawo mana da kai lafiya.

Kawunka.